Yadda muke sayen gawayi a Kumasi

Yaya, ina gaishe ki da kyau, ke da Alhaji da yara. Ki duba min Inna da jiki.

Na ji saƙonki cewa gas ya gagare ku tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya hau, har kin koma gawayi. Yadda kika faɗe shi ƙasa-ƙasa kamar abin kunya ne ya ba ni dariya. A Kano mun taso muna ganin gawayi na mai guga ne da mai turaren wuta, sai kuma ɗumama ɗaki da sanyi. A Kumasi kuwa kowa da shi yake girki. Gidan da muke haya a Aboabo kowace mace da kurfotinta a bakin ƙofa, har matar mai gidan da take da tukunyar gas biyu. In wake za ta dafa, ko shinkafa da waken nan nasu da suke kira waakye (sunan ma a bakinmu suka ɗauka), ba ta taɓa gas, ta ce asara ce. Asantawa suna kiran gawayin bidie, ita ce kalmar farko da na koya a yarensu.

Gaskiya nasu ya fi wanda nake saya a Kurna nauyi da daɗewa. Mai kyau in kika buga guda biyu za ki ji ƙara kamar ƙarfe, ba ya tartsatsi, tokarsa fara. Daga arewa ake kawo shi, wajajen Kintampo da Atebubu da Nkoranza, kuma Sisala, mutanen Tumu, su suka yi suna wajen ƙona shi. Da muka je biki Tamale na ga buhuna jere a bakin titi kamar an yi sahu, an cika kowanne har ya yi tozo, an rufe da ganye an saƙa igiya a kai. Can arha ne sosai, mota da dako da 'yan tsakiya ne suke ninka kuɗin kafin ya iso mana. Abin da ya tsaya min a rai, matar da muka saya a wajenta murhun duwatsu uku ne a bayanta, tana fama da hayaƙin ice. Na tambaye ta, ta ce wa zai ƙona kuɗin makarantar yara? Har kaɗanya ake sarewa, Yaya, itacen da Kaka take hana mu ko karya reshensa.

A cikin gari kuma mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi biya. Mai hali ya sayi buhu ya ajiye. Mai neman na yau sai dai ƙulli a leda, na safe daban na dare daban, in kika lissafa a wata ta biya abin da ya wuce kuɗin buhu nesa ba kusa ba. Da damina abin ya fi muni, ga shi nan sau biyu ake damina a shekara, hanyoyin daji su lalace, ƙullin ya ƙanƙance kuɗin yana nan yadda yake.

Buhun ma sai da ido. Farkon zuwana na sayi ɗaya ina murna da manyan gawayin da ke sama, da na kai tsakiya sai gari da ƙasa, har da dutsen da ya sha baƙi. Maƙwabciyata ta yi min dariya son ranta, sannan ta koya min in riƙa shafa gindin buhun ina girgizawa kafin in biya.

Akwai wani murhu a nan, Gyapa, jikinsa ƙarfe cikinsa yumɓu, yana riƙe zafi, buhuna yana ƙara kwanaki a kansa. In na sami mai zuwa Kano kafin azumi zan aiko miki da ɗaya, sai dai a naɗe shi da tsumma don yumɓun yana tsagewa. Ki gaya min nawa buhu yake yanzu a wajenku.