Tsofaffin katun ɗin Kirsimeti: an ce mini faifan kamar sabo ne

Faifai uku na yi oda a wurin wani mai sayar da kayan hannu a intanet, duk tsofaffin katun ɗin Kirsimeti da Amurkawa ke ji da su: na Charlie Brown, na Rudolph ɗan barewa mai jan hanci, da na Grinch. Kuɗin ba wani yawa ba, kun dai san yadda farashinsu yake in Disamba ta kama. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu a nan birnin St. Paul na Amurka ce ta kwaɗaita mini su. Ta ce suna yara sau ɗaya tak ake nuna kowanne a shekara, in ya wuce ka sai baɗi, don haka ranar da wuri ake cin abincin dare a hallara gaban talabijin. Ni kuwa na gaji da ganin yarana kowa ya duƙufa kan waya a lungunsa, ga hutu, ga sanyin da ba ya barin mutum ya leƙa waje.

Na Charlie Brown muka fara sakawa, kuma gaskiya ban ɗauka za su zauna ba. Fim ne na 1965, bai kai rabin awa ba, zanen ba wani ado, tafiyarsa a hankali. Yara ne na gaske suka yi muryoyin, har kana jin inda ƙaramar cikinsu ke tsinka magana tana haɗawa. Ba a sa dariyar nan ta ƙarya da ake cusa wa shirye-shiryen wancan zamani ba, sai kiɗan fiyano na Vince Guaraldi da ke bin labarin sannu-sannu. Yarana sun san Snoopy, karen Charlie Brown, don Charles Schulz da ya ƙirƙiro su a garin nan ya tashi, ga mutum-mutuminsu ma a tsakiyar gari, amma ba su taɓa ganin fim ɗin ba.

Sai ga shi sun yi tsit. Da Charlie Brown ya kawo 'yar bishiyar nan da ganyenta ke zuba, sauran yara suka yi masa ca da ba'a, autata ta matso ta riƙe mini hannu. Can abokinsa Linus ya fito tsakiyar dandamali, ya ce a kunna fitila, ya karanto labarin makiyaya daga Luka sura ta 2. Babban ɗana ne ya lura da abin da ya wuce ni, ya ce, "Mama, kin ga ya saki bargonsa?" Muka mayar baya. Ashe daidai inda mala'ika ke ce wa makiyaya kada su ji tsoro, nan yaron da ba ya rabuwa da bargo ya sake shi ya faɗi ƙasa. Nan take na tuna wasan Kirsimeti da muke yi a coci muna yara, a ɗaura mana tawul a ka a ba mu sanda, a ce mu ne makiyaya. 'Yan'uwa Musulmi da ke son saya wa yaransu, ku san da wannan karatu na Linjila a ciki, minti ɗaya ne ko ɗan fi, amma shi ne zuciyar fim ɗin. A daren nan har na buɗe waya zan ba mai sayarwa tauraro biyar, barci ya ɗauke ni.

Gara da ban ba shi ba.

Washegari muka sa na Rudolph. Shi ba zane ba ne, 'yan tsana ne ake motsawa kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto, a Japan aka yi wannan aikin, aka fara nuna shi a 1964. Yana da kyan gani, ba laifi. A cikinsa akwai wani tsibiri inda ake tara kayan wasan da babu yaron da ke so: giwa mai ɗigo-ɗigo, jirgin ƙasa da tayarsa ke da kusurwa huɗu ba ta mirginawa, tsuntsun da iyo ya iya maimakon tashi, da wata 'yar tsana mai jan gashi. Rudolph ya ɗauki alkawarin zai gaya wa Santa, dattijon da ke raba wa yara kyautar Kirsimeti, halin da suke ciki. Auta ta ƙwallafa rai a kan 'yar tsanar nan, kowane lokaci sai ta tambaye ni, "Mama, za a zo a ɗauke ta ko?" Ina ce mata ki dai kalla.

Aka zo ƙarshe. Daren Kirsimeti, kayan wasan sun zauna gefen wuta sun fid da rai, 'yar tsanar tana hawaye. A nan faifan ya maƙale. Hoton ya tsaya cak a kan fuskarta, ya rarrabe gida-gida, sannan na'ura ta tofo shi. Baban yara ya goge da gefen rigarsa, ya hura, ya mayar, ya gwada tsallake wurin, ina! Da na ɗaga shi a fitila sai ga wani dogon karce kusa da baki, wanda ko makaho ya shafa zai ji. Wannan shi ne abin da aka rubuta mini "kamar sabo".

Yarinyar nan ta yi kuka har da shessheƙa. Na rarrashe ta, na ce ai Santa yana zuwa, za su ji ƙararrawa su hango jan hancin Rudolph a cikin hazo. Ta ce, "A'a Mama, faɗa kawai kike yi don in yi shiru." A ranta an bar su a tsibirin ke nan. Da na kai wa maƙwabciyar ƙorafi, ta ce abin da ya faru da yaran 1964 ke nan: a fitowar farko ba a nuna an koma an ɗauko kayan wasan ba, sai da masu kallo suka yi ta aika wasiƙu sannan aka ƙara wannan yanki a shekarar da ta biyo. Wato wurin da aka ƙara musamman don kada yara su kwana da baƙin ciki, shi ne aka sayar mini a lalace. Ita ta ara mana nata faifan, auta ta gani da idonta, sannan hankalinta ya kwanta.

Na rubuta wa mai sayarwa, na tura masa hoton karcen. Amsar da ya ba ni wai in shafa man goge haƙori in wanke, kuma wai faifan da ya kai waɗannan shekaru dole a samu haka. To me ya hana ka rubuta hakan tun farko? Ya ce in ina son kuɗina in mayar da duka ukun, kuɗin aikawa kuma a aljihuna. Kuɗin aikawar ya kusa kai kuɗin faifan.

Tunda raina ya riga ya ɓaci, kallo na biyu sai na fara ganin abin da na kau da kai a kansa a labarin kansa. Uban Rudolph da hannunsa yake shafa wa hancin ɗansa laka don ya ɓoye shi. Santa, babba guda, a gaban jama'a ya ce wa uban ya kamata ya ji kunya. An ba yaron haƙuri daga baya, amma ba a ɗaukaka shi ba sai da guguwar dusar ƙanƙara ta rufe hanya aka ga hancin zai yi amfani. Ni da nake rainon yara baƙaƙe a makarantar da kusan kowa fari ne, wannan ya tsaya mini a wuya. Sai da na zaunar da su na ce, ko hancin bai haska wa kowa hanya ba, babu wanda ke da ikon wulaƙanta shi.

Na Grinch lafiyarsa ƙalau, sun yi dariya, sun fi son karen. Na Charlie Brown ya cancanci kuɗinsa har da ƙari. Mai sayarwa kuwa tauraro ɗaya na ba shi, na kuma liƙa hoton karcen a ƙarƙashi. Duk mai sayen na hannu, kafin ki tara yara, ki ɗaga faifan a fitila, ki kunna minti goma na ƙarshe ke kaɗai tukuna.