Regiletan kwashe tururi a tankin hekzen: abin da na gani bayan amfani da shi

A masana'antar matse man waken suya da nake aiki a Kano, da hekzen muke tsotse ragowar man da injin matsa ya bari a cikin tunkuza. Sinadari ne mai saurin tashi, yana tafasa a wajen digiri 69 kacal, ga shi da kama wuta. Idan zafin watan Afrilu ya haura digiri 40, saman tanki kan cika da tururi, haka ma duk lokacin da ake juye tanka a ciki. A da, bawul ɗin numfashi, wato wanda ke rage matsin tanki idan ya yi yawa, shi ne ke buɗewa ya saki tururin a iska. Warin kan iso har bakin ƙofa, kuma kuɗinmu ne ke tafiya da shi.

Muka ɗaura regiletan kwashe tururi samfurin Fisher T208 na kamfanin Emerson. Aikinsa akasin na regiletan tukunyar gas ne. Na gas yana lura da matsin da ke fita. Wannan kuwa matsin cikin tanki yake ji. Da zarar ya wuce inda aka saita shi, sai ya tura faifan robar da ke ciki, ya rinjayi sifirin, bawul ya buɗe, tururin ya bi bututu zuwa na'urar da ke sanyaya shi ya koma ruwa. Matsi na sauka sai ya rufe da kansa. Ba ya buƙatar lantarki ko kwamfuresa, kuma duk wanda ya san yadda wuta ke ɗaukewa a nan zai gane darajar wannan.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake jin ɗan ƙaramin matsi. Irin waɗannan tankuna ba su jure matsi mai yawa, da inci na ruwa ake aunawa, inci ɗaya kuwa kusan miliba 2.5 ne. Duk da haka yana buɗewa a hankali, ba ya fizga. Warin ya ragu ƙwarai, bawul ɗin numfashi ma ya daina yawan buɗewa da rana.

Sai dai duk amfaninsa ya rataya ne a kan saiti. Tankinmu yana da wani regileta da ke zuba naitirojin don kada iska ta shiga ta haɗu da tururin. A wajen saita matsi, dole na naitirojin ya kasance a ƙasa, na kwashe tururi a samansa, bawul ɗin numfashi a saman wannan, sannan murfin gaggawa a can ƙoli. Idan aka matse tazarar biyun farko, ɗaya na zubawa ɗaya na kwashewa, kamar mai ɗibar ruwa da kwando, naitirojin ya ƙare ba a san inda ya tafi ba. Wannan saitin yana son ma'auni mai kyau da haƙuri, ba a yin sa da ido.

Na taɓa jin wani yana cewa tunda an sa regileta, sai a cire bawul ɗin numfashi. Don Allah kada kowa ya yi haka. Regiletan ba na'urar tsaro ba ne. Girman mafitar tanki ana lissafa shi ne bisa ƙa'idar API 2000 ta Cibiyar Man Fetur ta Amurka, kuma regiletan bai ɗauke wannan nauyin ba.

T208 na ƙananan bututu ne, inci 1 ko ƙasa da haka, don haka mai babban tanki ya nemi wanda ke aiki da matuƙi, wato ƙaramin regileta da ke sarrafa babban bawul, irin Fisher 1290. Ya kuma tabbatar robar ta dace da sinadarin da yake ajiyewa, ya sayi faifan canji tun farko, domin ba a samun sa a kasuwa sai an yi oda daga waje. Ga tanki irin namu, zan sake sayen sa ba tare da wani tunani ba.