Mesar Daji ko Wadda Aka Ƙyanƙyashe a Gida: Wacce Za Ka Ɗauka?

Wanda bai taɓa fita neman maciji ba zai ce hauka ce. Ni kam na san daɗin abin. Bayan ruwan farkon damina, da almuru, ka riƙe tocila kana bin gefen fadama a hankali, kana haska bakin suri da ramukan gafiya. Can sai ka ga jan ciki a kan yashi mai laima, ko saɓar da ya bari maƙale a ƙaya, gabanka ya faɗi. Wata rana ka yi awa uku ba ka ga komai ba, wata rana kuma sai ga shi kwance yana fito da harshe. Kuɗi ba sa sayen wannan.

Sai dai fita kallo daban, ɗauko shi ka kawo gida daban. A nan ne nake rabuwa da abokan sha'awata da yawa.

Mesar da aka fi kiwo a duniya ita ce ƙaramar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo in ta tsorata, ta cusa kanta a tsakiya. Ba ta da dafi, da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi, kuma 'yar Afirka ce. Daga Ghana da Togo da Benin ake fitar da mafi yawansu zuwa Amurka da Turai. To, me zai sa ka sayi abin da ke bayan gari?

Dalilin farko shi ne ranka. Ramin da kake zaton na mesa ne, kububuwa ko kasa na iya kasancewa a bakinsa. Dafin kububuwa kan hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar da jini har ta dasashi. Je ka asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe lokacin shuka ko girbi ka ga yadda ake kawo manoma da makiyaya, alhali su ba nemansa suka je yi ba. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma ta ƙiyasta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara. Akwai ma wani ɗan baƙin maciji mai zama a ƙarƙashin ƙasa, wanda ko ka riƙe shi ta wuya yadda gardawa ke yi, sai ya zaro haƙori ta gefen baki ya soki yatsanka.

Na biyu, ita kanta mesar. Ta daji takan zo da kaska maƙale tsakanin ɓawon jikinta, da tsutsar ciki, wani lokaci da tabon fartanya ko na gobarar daji. Babbar matsalar kuwa abinci. Wadda ta girma tana farautar ɓerayen daji za ta iya yin watanni ta ƙi kallon ɓeran da ka saka mata, tana ramewa kana gani, har ƙashin bayanta ya fito. Na ga haka sau ɗaya, ba na son sake gani. Ka ɗauka kyauta ka samu, alhali araha ba ta ado.

Wadda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo ta saba da akwati da hannun mutum tun fitowarta daga ƙwai, ta saba cin ɓeran kiwo, ka kuma san shekarunta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga dabbar da kan yi shekara 20 zuwa 30. Tsadarta ta fi, musamman masu launi na daban irin zabiya, kuma a ƙasarmu samun mai kiwo na gaskiya sai an tona.

Akwai kuma ta tsakiya, wadda a kanta aka fi yaudarar mai saye. Mafarauta kan haƙo uwa mai ƙwai, ko su kwaso ƙwan daga rami, a ƙyanƙyashe a gona, sannan a ce da kai "haihuwar gida ce". Yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji, wadda ta fara aiki a 1975 kuma Najeriya na cikinta, ta bambanta su a takarda: W ta daji, R wadda aka kwaso ƙwanta ko 'ya'yanta daga daji aka rena, C wadda iyayenta suka yi barbara suka haife ta a tsare. In ta ƙetaro iyaka, nemi ganin harafin.

In kuwa a gida za ka saya, tambayi ranar da ta ƙyanƙyashe, ka ce a nuna maka uwar. Duba ƙarƙashin haɓarta da gefen idanu ko akwai kaska, ka saurari numfashinta, kada ka ji fito ko ka ga kumfa a baki. Kada ka miƙa ko kwabo sai ka dawo ranar ba ta abinci, ka tsaya ka ga ta kama ɓera ta haɗiye a gabanka.