Gidan abincin mata biyar a Kabuga: komai sai an zauna

Wajen Kabuga akwai wani gidan abinci da mata biyar suka buɗe da kuɗin adashinsu. Babu shugaba a cikinsu, duk abin da ya taso sai an zauna. Su na ba wa aikin abincin sunan ɗan ƙanwata, na mutum 150.

Ranar Litinin na je. Wadda na tarar tana kwashe waina daga tanda ta ce, "Hajiya, ni kaɗai ban isa in yanka miki farashi ba, sai mun zauna." Suna kuwa ranar Asabar ne, ba ya jiran kowa. Talata ɗayarsu ta tafi ta'aziyya Gwarzo. Laraba aka zauna aka tashi baram-baram, wai biyu na son a sayo shinkafa a Dawanau, ukun suka ce kuɗin mota zai cinye ribar. Sai Alhamis bayan la'asar aka kira ni. Kafin nan mijin ƙanwata ya ishe ni da waya.

Har na fara kewar wata Hajiya da ta yi mana abincin bikin 'yata bara. Ita cikin minti biyar ta yanke magana, a tsaye. Amma fa ranar biki nama bai kai ba, daga baya wata yarinyarta ta raɗa mini cewa duk sun san ba zai kai ba, babu dai mai iya buɗe baki ne a gabanta.

Su waɗannan, ƙarfe goma na safiyar Asabar kulolinsu na ƙofar gida. Wainar laushi kamar auduga, miyar taushen ta ji kabewa da gyaɗa, kowane kwano da tsokarsa biyu. Zoɓon ne sukari ya yi masa yawa, har ya danne cittar. Na ƙirga na ga ƙarin kwano 20 da ban ce a yi ba. Ashe a zaman Laraban nan ƙaramarsu ce ta dage, ta ce taron suna ba ya tsayawa inda aka ƙiyasta. Dangin uban jariri suka zo mota biyu daga Bichi, waɗannan kwanukan ne suka fitar da mu kunya.

Biki da aka sa rana tun wata guda, zan koma musu. Baƙin gaggawa kuwa, a'a. Da na je biyan cikon kuɗi na ba su shawara su ware mutum ɗaya mai yanka farashi nan take. Babbarsu ta yi murmushi ta ce, "Gaskiya ne Hajiya. Bari mu zauna."