Madaba'ar da ta buga mana littafin labarin 'yan ajinmu a Garwa

Mu 'yan Arewa da muka shiga Jami'ar Yawunde a shekarar 1981, lokacin da ita kaɗai ce jami'a a duk faɗin Kamaru, mun daɗe ba ma jin labarin juna sai a wurin ɗaurin aure ko zaman makoki. Bara muka yanke shawarar tattara labarin kowa a ɗan littafi guda, a rubuta inda mutum ya yi aiki, da shekarar da ya ajiye, da garin da yake zaune yanzu, da zuri'ar da Allah ya ba shi. Ni aka ɗora wa nauyin kai aikin wurin bugawa, kuma na zaɓi wata ƙaramar madaba'a da ke kusa da babbar kasuwar Garwa, inda na yi mako biyar ina kai da kawowa, saboda haka abin da zan faɗa a kanta da idona na gan shi.

Abin da na kai musu ba shiryayye ba ne. Labarin mutum 47 ne, wani da rubutun hannu mai rawa irin na tsufa, wani da Faransanci, wani da Hausa, wasu kuwa saƙon murya kawai suka aiko ta WhatsApp da Fulatanci. Mai wurin ya duba tarin takardun, ya yanka mini sefa 2,500 kowane kwafi a kan kwafi 80 masu shafi 64, har da kuɗin shigar da rubutun a kwamfuta. Na biya rabi ta Orange Money, ya ba ni rasit, kuma har muka rabu bai ƙara ko dala a kan abin da muka yi ciniki ba.

Darajar wurin nan tana hannun saurayin da ke zaune gaban kwamfutar. Tun ranar farko ya nuna mini cewa haruffan da suka saba aiki da su na Faransanci ne, ba su da ƙ da ɗ da ɓ, ya kuma nemi kwana ɗaya ya sauko da waɗanda suka dace daga intanet. Wanda bai san Hausa ba zai ɗauki wannan ƙaramin abu ne, amma a labarin wani abokinmu da ya gama aiki da kamfanin auduga na Sodecoton ya koma garin Gidar an rubuta cewa gidansa ba ya rabuwa da baƙi, kuma da an bar lanƙwasar nan ta faɗi, da yabon ya koma zargin cewa gidan dattijo ba ya rabuwa da baki.

Akwai kuma abin da ba zan manta masa ba. Muna da mutum biyu masu suna ɗaya, har sunan mahaifi, ɗaya ya rasu shekarun baya, ɗayan yana nan da ransa a Kuseri bayan ya bar aikin kwastan. Wajen jera hotuna ni da kaina na sa hoton mai ran a shafin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Da na zo duba gwajin farko, sai yaron ya juyo da fuskar kwamfutar wajena ya ce, “Baba Alhaji, ka yi haƙuri, mai wannan hoton ai shi ne na saurari muryarsa jiya yana cewa zai aurar da autarsa bayan sallah.” Na daɗe ina kallon hoton ban ce uffan ba, domin na san irin tashin hankalin da iyalin mutumin za su shiga da littafin ya fita haka, kuma ba aikin yaron ba ne ya lura, tunda an ce masa ya buga abin da aka ba shi ne kawai.

Shi ma mai madaba'ar ya ba da shawarar da ta gyara littafin. Da farko mun jera sunaye bisa muƙami, daraktoci a gaba, sai ya ce a ganinsa jerin haruffa ya fi dacewa da abokan karatu. Da na sake karanta labaran a jere na ga gaskiyarsa. Tsararmu ce aka zaftare wa albashi har sau biyu a 1993, sannan aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kuma a wannan tsakanin ne da dama suka bar ofis, wani ya shiga fataucin albasa daga Marwa zuwa Duwala, wani ya koma kiwon shanu a Adamawa, wata daga cikin mata huɗu na ajinmu ta buɗe makarantar yara. Waɗanda suka daure kuma yawancinsu sun ajiye aiki da shekara 55, kafin dokar Disamban 2020 ta mayar da shekarun ritayar manyan ma'aikatan gwamnati 60, wasu kuma sun rubuta watannin da suka yi suna bin takardun fansho a Yawunde. Mutanen da suka sha wannan tare bai kamata littafinsu ya fifita wani a kan wani ba.

Sai dai aikin bai rasa aibu ba. An yi mini alkawarin mako uku, ya kai biyar, kuma ko da yake ɗauke wutar lantarki gaskiya ce da kowa a Garwa ya sani, ya kamata a kira ni a gaya mini maimakon in hau babur in zo in tarar da inji a kashe. Hotunan jikoki masu launi sun fito da duhu, har fuskokin wasu ba sa rarrabuwa, alhali tsohon hoton da muka ɗauka a Ngoa-Ekelle, unguwar da jami'ar take, a 1984, wanda ba shi da launi, ya fito tangaran, kowa da sumarsa da wandonsa mai faɗin ƙafa. Babbar matsalar ita ce ɗaurin littafin. Da gam aka manne bayansa, kuma da zafin Afrilu ya shigo, irin wanda kan haura digiri 40 a nan, sai gam ɗin ya saki, shafukan tsakiya suka fara zubewa a hannun masu karatu.

Da na mayar da kwafi 20 da suka rage a wurina, mai wurin bai yi musu ba, ya sa aka ɗinke su da zare kyauta, ya kuma amsa cewa tun farko ya kamata ya faɗa mini bambancin ɗinki da manni. Sauran 60 sun riga sun tafi, wasu a motar Marwa, wasu a jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa Yawunde, don haka masu su sai dai su nemi mai ɗinki a inda suke. Duk wanda zai kai irin wannan aiki can, ya nemi ɗinkin zare tun ranar ciniki, ya ce a buga masa shafi ɗaya na hotuna masu launi ya gani kafin a ci gaba, kuma ya ƙara mako biyu a kan ranar da aka ba shi. Daga cikin ɗinkakkun na ware guda shida na iyalan mamatanmu, kuma na farko na kai shi da kaina unguwar Yelwa, inda matar marigayin ta sa babban jikanta ya karanta mata shafin kakansa sau biyu kafin ta bari in tashi.