Sabon lambun shaƙatawa a Birnin Kebbi: wurin hoto ne, inuwa ce babu

Gaskiya duk wanda ya zana lambun nan ko dai bai taɓa zama Birnin Kebbi a watan Afrilu ba, ko kuma dai da waya a hannu ya zana shi, yana tunanin yadda zai fito a Facebook. Ba zan kama sunan wurin ba, mutanen gari sun san inda nake nufi, kuma ba ɓatanci nake ba don kuɗina na biya na shiga da iyali, ina da ta cewa.

Abin da ya fi damuna inuwa. Garin da zafi ke wuce digiri 40 daga Maris har zuwa Mayu, ka zo ka shimfiɗe fili da interlok tun daga get har ƙarshe, sannan ka jera dogayen itatuwan nan na kwalliya masu tsayi siriri da ake sawa bakin katangar otal, waɗanda ko akuya ba ta samun mafaka ƙarƙashinsu. Interlok ɗin nan yini yake yana shan rana, bayan la'asar ma in ka cire takalmi sai ka ji tafin ƙafarka na ƙuna, bencinan kuma na ƙarfe ne an shafa musu baƙin fenti, to wa zai zauna? Wurin wasan yara ya fi ban haushi, an shimfiɗa ciyawar roba kore shar, kyau kam akwai shi, amma ƙaramarmu tana taka ta ba takalmi ta ƙwalla ƙara ta dawo da gudu, lilon da abin sulun duk ba rufi a sama.

Alhali itatuwan da sunka san ƙasar nan ba ɓoye suke ba. Darbejiya ga ta nan ko'ina cikin gari, ba ta neman ban ruwa in ta kama, kuma da rani tana da ganye. Ga mangwaro, ga maɗaci, ga gawo da shi sai da rani ma yake fitar da ganye ya zubar da damina. Na tambayi dattijon da ke ba fulawa ruwa, na ce Baba, filin nan da can ba itatuwa ne? Ya ajiye tiyo ya ce ɗana akwai su, sare su anka yi wai suna zubar da ganye suna ɓata wuri. Na rasa abin cewa. Shi kuma bawan Allah da tiyo guda yake fama, burtsatse ɗaya ce ke ba ciyawa da bayan gida da masu abinci, shi ya sa ciyawar gaskiyar da ke gefen hagu rabi kore rabi ta ƙone.

Tsamiya guda ce ta tsira can kusurwar baya kusa da masallaci, kuma ku je ku gani da idonku, duk jama'a can suke cunkushewa. Mata sun shimfiɗa tabarmi, yara na tsintar tsamiya, mai kunun aya ma can ya ja kularsa ya kafa, rumfunan kwano masu fitilu kala-kala da anka kashe ma kuɗi suna can ba kowa sai ƙadangaru.

Inda sunka yi ƙoƙari dole in faɗa. Masallacin tsaf yake, akwai butoci da ruwa, an ware gefen mata da labule mai kauri. Ɓangaren iyali an raba shi da inda samari ke zama da shingen lalle, wannan dabara ta burge ni ƙwarai, uwargida ta sake ta ci abincinta ba mai kallonta. Fitilun sola ne, babu ƙarar janareto da hayaƙi. Gasasshen kifin kuma ba laifi ko kaɗan, to ai jihar da garin Argungu yake ce, in kifi bai yi daɗi nan ba ina zai yi, sai dai yajin ya ɗan yi yawa ga yara kuma an daɗe kafin a kawo.

Bayan gidan maza ƙofa ɗaya ba sakata. Maɓuɓɓugar ruwan da ke tsakiya ba ta aiki, ruwan ya kwanta ya yi kore, ana magariba sauro ya taso. Ban kuma ga magudanar ruwa ta kirki ba, filin ya gangara wajen get, ina jin in ruwan Agusta ya sauka sai an naɗe wando kafin a shiga.

In za ku je ku bari sai wajen biyar da rabi, ku riƙo tabarmarku da maganin sauro, kar ku bar yara su cire takalmi, kuma ku yi sauri ku kama wuri gindin tsamiyar nan kafin a riga ku. Zuwan rana kam ban ba kowa shawara ba sai ko cikin hunturu.