Gargaɗi ga masu neman kibod na MIDI: mutum ɗaya ya cuce ni sau biyu

Jama'a, har yanzu raina a ɓace yake. Wata bakwai ina tara kuɗin nan. Wata bakwai! Kuma sau biyu na tura wa mutumin nan mai sayar da kibod, da hannuna.

Behringer Model D gare ni, na'urar samar da sautin kiɗa, irin ta ɗorawa kan tebur, ba ta da maɓallan kiɗa, sai an haɗa ta da kibod. Ni ba sabon shiga ba ne, na san abin da nake nema: kibod mai MIDI OUT, zagayayyen soket ɗin nan mai huji biyar, a ja waya zuwa MIDI IN na Model D domin kibod ya riƙa aika mata saƙon kiɗa, a sa su a tasha ɗaya cikin 16, shi ke nan. Har 'yan makunnan nan huɗu na zaɓen tasha da ke bayan na'urar na riga na saita ina jira. Sau uku na tambaye shi, "Malam, yana da MIDI OUT?" Ya ce, "Wallahi yallaɓai yana da shi." Ya turo hoton bayan kibod ɗin, na buɗa shi na ƙirga hujin ɗaya bayan ɗaya, biyar cif. To ku faɗa mini, me kuma ya rage ban yi ba?

Da kwalin ya iso na juya bayan kibod ɗin, na shafa da yatsa tun daga wannan gefe har wancan. Ramin USB ɗaya tak. Ashe hoton wani kibod ɗin ya turo mini. Af, tun kafin nan ma ya ce wani na jira da kuɗi a hannu, in hanzarta. Kalmar "wallahi" ɗin nan ce take ta dawo mini.

USB ɗin kibod da na Model D ba sa jin juna, dukansu jiran kwamfuta suke ta shiga tsakani. Wayar da ya cusa a kwalin, mai USB a gefe ɗaya da kan MIDI biyu a ɗayan, ita ma ta kwamfuta ce, ko shiga jikin kibod ɗin ba ta yi. Na kira shi, ya ba ni haƙuri da murya mai sanyi, ya ce yaronsa ne ya yi kuskure, in ƙaro kuɗi ya aiko da akwatin USB MIDI host, mai shiga tsakaninsu a madadin kwamfuta. Akwatin gaskiya ne, akwai shi, yana aiki, shi ya sa na yarda. Na sake turawa. Karo na biyu ke nan! Washegari ya toshe lambata.

Hirarmu, hoton bogin da rasit biyun duk suna wayata, zan saka su yau da dare. Wata bakwai.

Kada ku yarda da hoto. Ya kira ku ta bidiyo, ya juya bayan kibod ɗin, ya jona shi ku ji sauti. In ya ƙi, ku riƙe kuɗinku.